Injin da Ya Ƙi Ɗakin Alhaji Kailani

"Kifa shi," in ji Alhaji Kailani daga kan gado. "Cewa na yi ka kifa shi, Tica, ba ka karkata shi ba. Haka yaran gidan gem suke yi."

Malam Edward ya kife injin gem ɗin a kan kujera 'yar tsuguno, ya danna maɓalli. Su biyun suka zuba wa talabijin ido. Aka ji faifai ya fara juyawa a ciki, ya ɗauki gudu kamar abin arziki, sai ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Rubutun Turancin nan da suka gaji da gani ya sake fitowa, wai an kasa karanta faifan.

"To, ɗan buga masa."

"Ba zan buga ba. Na gama aikin koyarwata kaf ban ga abin da duka ya gyara ba, ko a ɗalibai."

"Ai shi ya sa ɗalibanka suka fito haka," in ji Alhaji. Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi.

Duk wanda ya san layin nan na Tudun Wada ya san tsofaffin nan biyu da wasansu. Alhaji Kailani tela ne da ya ajiye keke, Malam Edward kuma malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, gidajensu suna kallon juna, kwata ce kawai a tsakani. Shekarun baya ɓarin jikin Alhaji ya shanye, likita ya ce lallai ya riƙa motsa yatsun hannun dama. Ɗansa Suhaibu, wanda ke aiki a Kaduna, ya tono tsohon injin gem ɗinsa na ƙuruciya daga ƙarƙashin gado, mai murfi a sama da faifan ƙwallo guda ɗaya, ya jona masa. Sai dai ƙwallo tana son abokin karawa. Ran nan Malam Edward ya shigo dubiya da lemo a leda, aka miƙa masa rimot na biyu. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar suna tsohon shagon ɗinkin da ke ƙofar gida, Alhaji da 'yan koren riga, Malam Edward da 'yan ja, suna musu kamar za su daki juna. Da farko mutane sun yi ta gulma, wai tsufa ya zo musu da sabon salo. Da aka ga Alhaji ya koma saka maɓallin rigarsa da kansa, har yana zura zare a allura don nuna bajinta, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

A daminar bana ne wani ciwon ya kwantar da shi, ciki da ƙafafu suka kumbura. Aka kwaso talabijin da injin daga shago aka shigo da su ɗakinsa. Ba a jima ba injin ya fara gardama, daga baya ya ƙi sam.

"Tica," in ji Alhaji bayan tarin ya lafa, "wasan ƙarshe kai ka ci."

"Na sani."

"Da satar gida ka ci. Alƙalin ne makaho."

"Alƙalin inji ne, Alhaji."

"Ko ma wane ne. Ka gyara min abin nan in rama. Ina jin yatsuna sun fara yin sanyi."

Malam Edward ya dubi hannun da ke kan bargo, ya ga yatsun sun ɗan lanƙwashe kamar da. A ransa ya riga ya gama lissafi: wasan nan ne ya tashi mutumin nan a karon farko, shi zai sake tashinsa. Ya naɗe wayoyin, ya sa injin a jakar buhu, ya ce a ba shi kwana biyu.

Tsakanin ƙofar Alhaji da tasa, taku kaɗan ne, amma sai da ya sha shawara har ta ishe shi. Rahma mai ƙosai ta ce a goga wa faifan makilin, haka ƙaninta yake yi. Mai facin bakin layi ya ce a shanya injin a rana, sanyi ne ya kama shi. Wani ɗan acaɓa da ba a ma tambaye shi ba ya rage gudu ya ce a sa faifan a firji. Malam Edward ya gode wa kowa. Shi mutum ne da ba ya raina shawara a gaban mai ita, sai ya shiga gida yake tsaki.

"Baban Mirabel, me kuma ka kwaso mana?" in ji matarsa Rut, tana tsince shinkafa a baranda.

"Mara lafiya na biyu."

Ya share teburin cin abinci, ya sa tabarau. Ƙa'idarsa tun yana aji ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko an dace ba a san dalili ba. Tambayar farko: faifan ne ko injin? Ya ɗaga faifan a haske. Akwai 'yan ƙarce-ƙarce, amma babu mai zurfi. Ya goge shi da tsohuwar singileti mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya ɗauko faifan bikin 'yarsu Mirabel, wanda ya san lafiyarsa lau, ya sa. Shi ma injin ya ƙi shi.

"Ka ga ko inji ya gaji da kallon bikin nan," in ji Rut.

Saura ya gwada faifan ƙwallon a wani wuri. Ya tuna da tsohuwar kwamfutar da aka ba shi ranar walimar ritaya, tana kusurwar falo an lulluɓe ta da mayafi, an ɗora mata fulawar roba. Da ya kunna ta ya danna maɓallin tiren faifai, sai ta yi gurnani, tiren ya motsa kaɗan ya koma. Nan fa abin ya fara yi masa daɗi, har ya manta da shayinsa. Ya leƙa da tocila, ya ga wani ɗan rami ƙanƙani a ƙasan tiren. Me ya sa za a huda rami a nan in ba don a zura wani abu ba? Ya karɓi allurar Rut ya tura gindinta a hankali, ya ji wani abu ya saki, tiren ya leƙo. Ya ja shi da farce. A can ciki ya hango wata 'yar roba zagaye da wasu 'yan ƙafafu biyu masu juya tiren, ta saki ta yi laushi, ƙaramar ƙafar tana juyawa ita kaɗai ba ta jan babbar.

"Rut, kina da robar kitso?"

"Ta kaina za ka cire?"

Ta kawo masa guda uku. Ta farko ta yi yawa, ta biyu ta tsinke, ta uku ta zauna daram. Tiren ya fita ya koma, ya fita ya koma, Malam Edward yana ta danna shi yana murmushi har sai da Rut ta ce ya isa haka. Ya sa faifan ƙwallon, kwamfuta ta nuna duk abin da ke cikinsa. Wasan ba zai yi a kanta ba, wannan ya sani, amma ta karanta shi. Ke nan faifai lafiyarsa ƙalau, ciwon yana jikin inji.

Washegari ya kai shi wurin Adnan mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, wani mai ƙaton tumbi da ba ya ɗaga kai in yana magana. Adnan ya buɗe murfin, ya nuna wani ɗan gilashi mai kamar ƙwayar idon kifi a gefen inda faifai ke zama.

"Ka ga idonsa nan, Baba. Da shi yake karatu. In ya yi datti, shi ke nan."

Ya tsoma audugar goge kunne a sipirit, ya shafa a hankali, ya juya busasshen gefen ya sake shafawa, ya jefar. Ya jira ya bushe, ya kunna. Faifai ya ɗauki gudu bai tsaya ba, sai ga kiɗan buɗe wasa ya cika shagon.

"In ya sake fa?"

"To idon ya tsufa, irin naka. Sai dai a cigita a Kano, in an dace. Yanzu wa yake amfani da faifai?"

Malam Edward ya dawo da injin yana tafe kamar wanda ya ci zaɓe. Sai ya tarar Alhaji yana barci. Ya jona komai ya bari. Washegari 'yan dubiya suka cika ɗakin, dangi daga Gyallesu. Ranar da ta biyo aka kai shi asibiti, ya dawo a gajiye. Sai da aka kwana biyu sannan aka aiko cewa Alhaji ya tashi da ƙarfi, yana kiran Tica. Ya zo da sauri, ya zauna, ya kunna. Ƙas, ƙas, ƙas.

Alhaji ya juya fuskarsa bango. Da ya yi masa tsiya ma da ya fi sauƙi.

A wannan karon Malam Edward bai koma kasuwa ba. Ya sayi sipirit da auduga a kemis, ya yi yadda ya ga an yi, injin ya tashi. Don ya tabbatar, ya riƙe shi a gidansa, kullum sai ya kunna safe da yamma. Har Rut ya tilasta wa riƙe rimot ɗin Alhaji, ta yi ta kai 'yan kore suna fita daga fili, tana tambaya wanne ne nata. Injin bai yi ko tari ba. Ya mayar da shi ɗakin Alhaji, aka sake samun ranakun da jiki ya ƙi, da aka zo kunnawa ya sake ƙi.

Abin ya tsaya masa a rai. Ko a coci ran Lahadi, ana tsakiyar wa'azi, shi yana can yana jera dalilai. Inji ɗaya, faifai ɗaya, waya ɗaya. A gidansa yana yi, a shago ya yi shekaru yana yi, a ɗakin Alhaji ba ya yi. Wuta ce? Gidan Alhaji sola ce da batir, Suhaibu ya sa musu, ta fi tasa tsayuwa. Zafi ne? Ɗakin ya fi falonsa sanyi. Ƙura ce? Ana tsakiyar damina, ƙasa jiƙe take, ina ƙura za ta fito? Danshi? To ai gidansa ne ma yake yoyo.

"Ko ɗakin ne ba ya so," in ji Rut a hanyarsu ta dawowa.

"Inji ba ya so ko ƙi. Akwai dalili."

Bayan sun ci abinci ya sake zama da audugarsa da injin, don ya riga ya dawo da shi gida. Da ya shafa idon, maimakon ya jefar kamar yadda Adnan ya yi, sai ya kai audugar kusa da taga ya duba. Ba baƙi ba ne irin na ƙura. Wani ruwan ƙasa-ƙasa ne, mai maiƙo, da ya murza a yatsa ya ji yana danƙo. Ya jira sipirit ɗin ya bushe, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Sannan ya ɗaga hannun rigar da ya sa jiya, wadda ke rataye a bayan kujera, ya shinshina ita ma.

"Rut! Zo ki ji. Wannan ba turaren Hajiya Lauratu ba ne?"

Rut ta karɓa ta shinshina. "Shi ne. Na wuta."

"Na kama shi!" Ya buga tebur har kwalbar sipirit ta yi tsalle. "Injin yana da 'yar fanka a ciki, tana zuƙar iska. Tana zuƙo hayaƙin, man turaren yana kwanciya a kan idon. A shago babu turare, a nan babu turare. Shi ke nan fa! A daina turare, magana ta ƙare."

"Baban Mirabel, tsaya."

Ina, ya riga ya zura takalmi. Rut ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, da ya juyo ya ga fuskarta da ya tsaya, amma mutum in ya warware abin da ya hana shi sukuni ba ya waiwaye.

Ya yi sallama a soro. Hajiya Lauratu, matar Alhaji, tana tsugune a bakin ƙofar tsakar gida, tana zuba garwashi a kasko da cokali. Kusa da ita ga kwalbar turare, ta kusa ƙarewa. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi. Sai ya ɗaga audugar kamar mai nuna wa aji sakamakon gwaji, ya zayyana mata komai, da fanka da hayaƙi da ido. Ya yi bayani mai kyau, shi kansa ya ji daɗinsa.

"Saboda haka, Hajiya, in za a ɗan dakata da turaren nan, ko na 'yan kwanaki ne, sai mu samu mu yi wasanmu. Kin san wasan nan ne ya tashe shi wancan karon."

Hajiya ba ta ɗago ba. Ta gyara garwashin da bakin cokali, ta daɗe tana gyarawa.

"Malam, tun yaushe kake shiga ɗakin nan?"

"Kullum."

"Ka taɓa jin wani abu ban da turare?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi." Ta ajiye cokalin. "Ciwon ya fashe masa ta ƙafa, Malam, ga cikin kuma. Ba ya iya riƙe komai yanzu. Ina wankewa, ina canzawa, amma abin ya fi ƙarfin sabulu. Kai ka san shi. Mutumin da ko shago zai fita sai ya goge riga ya sa turare. Shi ya ce min, Lauratu, kada ki bari wanda ya shigo ya ji, balle Tica. Ya ce in ka ji, za ka fara yi masa magana a hankali irin ta 'yan dubiya, shi kuma ba ya so."

Malam Edward ya ji audugar ta yi masa nauyi a hannu. Ya rasa inda zai sa ta, ya tura a aljihu.

"Asibitin da aka je fa?"

"Cewa suka yi mu dawo gida, mu riƙa ba shi abin da yake so."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Makonni yana bin ciwon inji da tocila da allura, abokinsa yana ƙarewa a gabansa bai gani ba. Bayan kunyar sai tsoro, don ya gane wasan nan ba zai tashi kowa ba, kuma in ba a yi shi da wuri ba, ba za a yi shi ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ki ƙara turaren. In ya ƙare, Rut tana da shi."

Ta ɗauki kaskonta ta shiga. Shi kuma ya fito ya tsaya a lungu, ya jingina da bango. Tagar ɗakin Alhaji tana saitin kafaɗarsa, ƙarƙashin rumfar kwano, hayaƙi yana fitowa siriri ta cikin raga. Ko a wannan hali kansa bai daina aiki ba. Ya ga kusurwar ragar ta ɓalle daga katako. Ya auna tagar da ido, ya auna inda gadon yake. Hayaƙi sama yake yi. Inji kuma ba dole ne ya zauna inda talabijin yake ba, waya ce take haɗa su.

Washegari da hantsi ya zo da benci da lema. Suhaibu, wanda ya iso daga Kaduna tun jiya, ya taya shi matsar da gadon jikin taga ba tare da ya tambayi dalili ba. Suka ajiye injin a waje, a kan benci, ƙasa da taga sosai, aka kafa masa lema saboda feshin ruwa. Wayar wuta, da ta talabijin, da na rimot biyu, duk aka zura su ta kusurwar raga, aka toshe sauran ramin da tsumma. Rahma mai ƙosai ta bar kaskonta ta zo kallo.

"Malam, yau kuma inji ne da lema?"

"Iska yake sha," in ji shi.

Ya goge idon karo na ƙarshe, ya danna faifan ya zauna, ya rufe murfi, ya kunna, ya zagaya da sauri ya shiga ɗaki. Yana shiga kiɗan buɗe wasa yana tashi.

Alhaji ya buɗe ido. An jingina shi da matasai, an sa masa farar riga mai guga da hula. Kaskon turare yana ƙarƙashin gado yana aikinsa.

"Me ya same shi, ashe?"

"Ɗakinka ne ba ya so. Ya ce surutunka ya yi yawa."

"Ƙarya kake, Tica."

"To zafi ne. Yana son iska."

Alhaji ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙo hannu. "Ba ni 'yan korena."

Suka fara. Yatsun Alhaji sun yi nauyi, 'yan wasansa suna juyawa a makare, amma wayon yana nan, ya san inda zai ajiye ƙwallo tun kafin ta zo. Ba a jima ba ɗan jan Malam Edward ya samu hanya, ya tsinci kansa shi da gola. Babban yatsansa ya tsaya a kan maɓalli.

"In ka zubar da ita da gangan," in ji Alhaji, idonsa a kan talabijin, "wallahi zan gane, kuma ba zan yafe ba."

Malam Edward ya buga. Ta shiga.

"Satar gida."

"Babu wata satar gida."

"Kai da alƙalin nan coci ɗaya kuke zuwa."

Hajiya tana bakin ƙofa, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Suhaibu ya fita tsakar gida. Aka dawo daga hutun rabin lokaci, Alhaji ya matsa lamba, numfashinsa yana fita da ƙara, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sau biyu yana kai hari ana tarewa, kuma tsakani da Allah Malam Edward yake tarewa. A na uku ɗan kore ya yanko ta gefe ya ɗaɗa ta, gola ya doke ta ta fita ta bayan raga. Bugun kwana.

Alhaji ya danna maɓallin tsayarwa. Komai ya tsaya cak.

"Bari in ɗan huta," ya ce. Ya ɗora rimot a ƙirji. "Wannan kwanar ci ce, na riga na ga inda zan sa ta. Ba na so in buga ta a gajiye. Ka dawo bayan la'asar."

"In kashe, mu sake sabo?"

"Ka kashe in rasa kwanata? Lauratu, kada wanda ya taɓa abin nan."

Malam Edward ya koma gida, ya ci tuwo kaɗan, ya kishingiɗa a kujera da tabarau a fuska. Bayan an sauko daga sallar azahar ya ji wata murya ta tashi daga gidan da ke kallon nasu, ta mace, gajeriya, aka yi saurin danne ta da salati. Rut ta fito daga kicin hannunta da kumfa. Suka dubi juna. Ta ɗauraye hannu, ta ɗauki mayafi ta tsallaka.

Bayan la'asar aka yi wa Alhaji sallar jana'iza a ƙofar gida. Malam Edward ya tsaya daga baya, jikin bangon gidansa, hularsa a hannu, har aka sallame. Da aka ɗauki makara ya bi sahu. A maƙabarta ƙasa ta jiƙe, tana manne wa takalma. Da ake miƙa tukwane da itace hannu zuwa hannu, wani ya miƙo masa, ya karɓa ya miƙa gaba. Bai yi kuka ba a can. Abin da ya dame shi, kuma ya ji haushin kansa a kai, shi ne tunanin ina ne Alhaji ya ga zai sa ƙwallon nan.

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka dawo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun zazzauna ana karɓar gaisuwa. Suhaibu ya taɓa shi a kafaɗa.

"Baba Tica, Hajiya tana son ganinka."

Ɗakin ya canza. An fitar da katifa, an buɗe labule, gadon ya zama ƙarfe tsirara. An lulluɓe talabijin da zane, amma haske yana fitowa ta cikin saƙar. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

"Yayyensa sun ce a kashe, bai dace ba gidan rasuwa. Gaskiyarsu ne. To amma ya ce kada a taɓa. Ni na kasa. Na ce kai ka kunna, a bari ka zo."

Malam Edward ya ɗaga gefen zanen. Suna nan yadda aka bar su. 'Yan kore da 'yan ja sun cunkushe a gaban raga, wani ya riƙe rigar wani, gola ya ɗaga hannu ɗaya. Can a kusurwa ɗan koren ya ajiye ƙwallo kusa da tuta, ya ja baya, yana jira. Rimot ɗin Alhaji yana kan taga, an naɗe wayarsa da kyau.

Ya kai hannu wajen soket, ya tsaya. Ya janye hannun, ya saki zanen ya koma yadda yake.

"Hajiya, rana ta faɗi, sola ta daina caji. In batir ya ƙare zai mutu da kansa. A bar shi."

Ta gyaɗa kai.

Ya fita ta soro, ya wuce masu zaman makoki, ya zagaya lungu. An fara yayyafi. Ya zauna a ƙarshen bencin, rabin jikinsa a ƙarƙashin lema, rabi a waje, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Da ɗumi. A ƙarƙashin hannunsa yana jin faifan yana ta juyawa.